Babi na Huɗu: Daƙiƙa 24

A daren Laraba 22 ga Nuwamba, 1950, mutum kimanin 7,000 suka yanki tikiti suka shiga zauren wasa a birnin Minneapolis na Amurka domin kallon ƙwallon kwando. Ƙungiyar garinsu, Lakers, ita ke riƙe da kofi, kuma ta buga wasa 29 a jere a gida ba wanda ya yi galaba a kanta. Ginshiƙinta wani dogo ne mai suna George Mikan, tsawonsa mita 2 da santimita 8, yana wasa sanye da tabarau mai kauri. In ya tsaya ƙarƙashin kwando aka miƙa masa ƙwallo, to marubucin maki sai ya ɗauki alƙalami kawai. Baƙin da suka zo a wannan dare su ne Pistons daga garin Fort Wayne, kuma kocinsu, Murray Mendenhall, ya san sarai cewa in aka yi gudu da gudu, jifa da jifa, yaransa ba za su kai labari ba.

Sai ya ba su umarni mai sauƙi: in kun sami ƙwallo, ku riƙe ta.

Suka riƙe. Ɗan wasa ya tsaya a tsakiyar fili da ƙwallo a kwiɓinsa, in ya gaji ya miƙa wa na kusa da shi, shi ma ya tsaya. 'Yan Lakers suka ja baya suka tsare bakin kwandonsu, suna jiran a kawo hari, su kuma Pistons suka ƙi kawowa. 'Yan kallo suka yi ta ihu da sowar ƙin jini. Alƙalan wasa ba su da abin yi, don babu layi ko ɗaya a littafin doka da ya hana mutum tsayawa da ƙwallo har a tashi. A kwatan ƙarshe, wato minti 12 cur, maki 4 kacal aka ci tsakanin ƙungiyoyin biyu. Saura 'yan daƙiƙoƙi a tashi, wani sabon ɗan wasa mai suna Larry Foust ya ɗaga ƙwallo ta saman hannun Mikan ta faɗa kwando. Pistons 19, Lakers 18. Mikan shi kaɗai ya ci 15 daga cikin 18 ɗin nan, kuma sau huɗun da Lakers suka jefa ƙwallo kwando ana cikin wasa, duka daga hannunsa suka fito. Har yau ba a sake buga wasa mai ƙarancin maki irin wannan a gasar NBA ba.

Na sha karanta labarin wannan dare inda ake ɗora wa Mendenhall laifi, kamar ya yi wani abin kunya. Ni ban ga laifinsa ba. An ɗauke shi aiki ne don ya ci wasa, ya duba doka ya ga ƙofa a buɗe, ya bi ta cikinta, ya kuma ci. Ramin yana cikin dokar kanta. Tun da James Naismith ya ƙirƙiro wasan a Springfield a Disamban 1891, da kwandunan zuba 'ya'yan itace da dokoki 13, ya ɗauka duk wanda ya kama ƙwallo zai so ya jefa ta kwando. Bai hango ranar da albashin mutane zai rataya a kan sakamako ba, ranar da mai rinjaye zai gane cewa abokin hamayya ba ya iya cin maki matuƙar ƙwallo ba ta hannunsa.

Mako shida bayan haka, ranar 6 ga Janairu, 1951, Indianapolis Olympians da Rochester Royals suka yi kunnen doki, 65 da 65, aka shiga ƙarin lokaci. Sau shida ana ƙarawa, minti biyar-biyar. Duk wanda ya fara kama ƙwallo sai ya ƙanƙame ta, yana jiran daƙiƙar ƙarshe ya gwada sa'a. A cikin rabin awa na ƙarin lokaci, maki 18 aka samu, aka tashi 75 da 73.

Abin da ya fi riƙe ƙwallo muni shi ne maganin da aka samo masa. In ƙungiyarka tana baya, kuma abokan hamayya sun ƙi sakin ƙwallo, hanya ɗaya ta rage maka: ka yi wa mai ita keta da gangan. Alƙali ya busa, a ba shi jifar kyauta, ya ci maki ɗaya ko ya ɓarar, ƙwallo ta dawo hannunku. Su ma da ta iso gare ku sai su rama, su yi muku ketar kafin ku ci maki biyu. Haka ƙarshen wasa ya koma tattaki daga wannan layin jifa zuwa wancan, ana ture-ture da riƙe riga. Ranar 21 ga Maris, 1953, Boston Celtics da Syracuse Nationals suka yi wasan fitar da gwani wanda ya kai ƙarin lokaci huɗu. An busa keta sau 106. 'Yan wasa 12 aka fitar saboda laifinsu ya cika. Bob Cousy, gwanin sarrafa ƙwallo na zamaninsa, ya ci maki 50, amma 30 daga ciki a tsaye ya ci su, a layin jifar kyauta, ba mai tare shi. Shi kansa Cousy, da ƙwarewarsa ta buga ƙwallo da ƙasa, ya zama makamin cinye lokaci: in Boston tana gaba sai a ba shi, ya yi ta zagaye fili har agogo ya ƙare.

Mutane suka fara ƙaurace wa kallo. Gasar da ta fara kakar 1949 da ƙungiyoyi 17 ta koma 9 a 1953, kuma kafin ƙarshen 1954 ta Baltimore ma ta rushe, suka rage 8. Ba riƙe ƙwallo kaɗai ya jawo haka ba, akwai ƙananan garuruwa da ƙarancin jari, amma mai neman kuɗin shiga ba zai iya sayar da tikitin kallon mutum goma a tsaye ba.

A nan Danny Biasone ya shigo. An haife shi a Italiya a 1909, iyayensa suka kawo shi Amurka yana yaro, suka zauna a Syracuse ta jihar New York. Bai taɓa zama tauraron ɗan wasa ba. Sana'arsa gidan wasan bolin ne, wato wasan da ake gangara ƙwallo mai nauyi a kan katako don kayar da jerin sanduna, kuma da ribar wannan gida ya kafa ƙungiyar Nationals. Shi da manajan ƙungiyar, Leo Ferris, suka zauna da takardun sakamakon wasanni, suka ware waɗanda suka yi daɗin kallo, waɗanda ba a yi riƙe-riƙe a cikinsu ba. Suka lura cewa a irin waɗannan wasanni kowace ƙungiya tana jifa kamar sau 60. Biyu a haɗe, 120. Wasan NBA minti 48 ne, wato daƙiƙa 2,880. Raba 2,880 gida 120, ka sami 24.

Lissafin ke nan gaba ɗaya, ɗan firamare zai iya yin sa a bayan littafinsa. Abin da ke burge ni shi ne inda suka fara. Ba su tambayi kansu daƙiƙa nawa mutum yake bukata ya shirya hari ba. Sun ɗauko wasan da ya riga ya yi kyau ne suka auna shi, sannan suka kafa doka da za ta hana kowane wasa faɗuwa ƙasa da wannan ma'auni. Ko da ƙungiyoyin biyu sun haɗa baki kowace ta cinye lokacinta har ƙarshe, dole ƙwallo ta tashi sama wajen sau 120 kafin a tashi. Sunan Biasone ne ya fita duniya da wannan ƙirƙira, har aka shigar da shi zauren karramawa na ƙwallon kwando a 2000, shekara takwas bayan rasuwarsa. Na Ferris ya daɗe a ɓoye, kuma adalci ne duk mai ba da labarin ya ambace su tare.

A watan Agustan 1954 Biasone ya tara shugabannin ƙungiyoyi a zauren wata makarantar sakandare ta koyon sana'a a Syracuse, aka yi wasan gwaji da agogo a gefen fili. Dolph Schayes, tauraron Nationals, ya sha ba da labari daga baya cewa da farko firgita suka yi. Suna kama ƙwallo sai su wurga ta cikin daƙiƙa takwas ko goma, ko miƙa wa juna ba sa tsayawa yi. Sai da aka ɗan jima suka gane cewa 24 lokaci ne mai yalwa, ya isa ƙwallo ta zaga hannu biyar ta dawo. A shekarar kuma aka ƙara wata doka wadda ba a cika ambata ba, alhali ba don ita ba da tsugune ba ta ƙare ba: aka ƙayyade yawan ketar da ƙungiya za ta yi a kowane kwata, in ta wuce a ƙara wa abokan hamayya jifar kyauta. Agogo ya hana na gaba ɓoye ƙwallo, wannan kuma ta rage wa na baya ribar keta.

Wasan farko da agogo an buga shi ranar 30 ga Oktoba, 1954, Rochester ta ci Boston 98 da 95. A kakar da ta gabata, matsakaicin makin ƙungiya a wasa 79.5 ne. A wannan kaka ya tashi zuwa 93.1. Boston ta zama ƙungiya ta farko da ta kammala kaka tana cin sama da 100 a kowane wasa in an daidaita, kuma cikin shekara huɗu matsakaicin gasar gaba ɗaya ya haye 100.

Sai kuma abin da ya faru a ƙarshen wannan kaka ta farko. Ƙungiyoyin da suka kai wasan ƙarshe su ne Syracuse ta Biasone da Fort Wayne Pistons, masu 19 da 18. Aka yi wasa shida, uku da uku. A na bakwai Pistons suka yi gaba da tazarar maki 17 tun kafin hutun rabin lokaci. Da a shekarar da ta wuce ne, da magana ta ƙare, su rungume ƙwallo su jira kofi. Yanzu kuwa duk bayan daƙiƙa 24 dole su sake ta. Syracuse ta yi ta tsinto maki har ta kamo su. Saura daƙiƙa kaɗan, George King na Syracuse ya ci jifar kyauta ɗaya, ya juyo ya ƙwace ƙwallo daga hannun Pistons, aka tashi 92 da 91. A cikin waɗanda suka ɗaga kofin har da Earl Lloyd, baƙar fata na farko da ya taɓa buga wasa a NBA.

Ga yadda agogon yake aiki, don mai kallo ya san abin da idonsa ke gani a saman allon kwando. Yana fara ƙirga daga lokacin da ƙungiya ta mallaki ƙwallo. Kafin ya kai sifili dole ƙwallo ta bar hannun mai jifa, sannan ta shiga kwando ko aƙalla ta taɓa zoben ƙarfen. In ta bugi allo kawai, ko ta wuce a iska, ba a lissafa ta, agogo ya ci gaba da tafiya. In ɗan tsaron baya ya doke ta ta fita waje, masu hari za su dawo da ita amma da ragowar lokacinsu, ba a sabunta musu. In ƙararrawa ta yi ƙara ƙwallo tana hannu, alƙali ya busa ya miƙa ta ga ɗaya ɓangaren. Akwai mutum guda a teburin alƙalai wanda ba shi da wani aiki sai wannan agogo, yatsansa a kan maɓalli, idonsa a kan zobe. Tun 2018 a NBA, in ka yi jifa ta taɓa zobe ta dawo kuka sake cafke ta, daƙiƙa 14 ake ba ku, tunda kun riga kun iso gaban kwando.

Abin da wannan ya sauya ya wuce yawan maki. Kafin 1954 ƙwallo mallakar wanda ya kama ta ce. Bayan 1954 ta zama kayan aro mai wa'adi. Mai tsaron baya ya sami abin da bai taɓa samu ba, wato ladan haƙuri: in ya tsare da kyau na daƙiƙa 24, doka da kanta za ta ƙwato masa ƙwallo ba sai ya ture kowa ba. Shi ya sa 'yan kallon da suka san wasa suke tafa wa ƙungiyarsu in ta tilasta wa abokan hamayya cinye agogo, kamar yadda suke tafa wa jifa mai kyau. Kuma da kiɗa ya sauya, rawa ma ta sauya. Kocin Boston, Red Auerbach, ya samo Bill Russell a 1956, mai cafke ƙwallo a ƙarƙashin kwandonsa ya wurga ta gaba kafin abokan hamayya su juyo, suka ci kofi 11 tsakanin 1957 da 1969. A Maris 1962 Wilt Chamberlain ya ci maki 100 shi kaɗai a wasa ɗaya. Ba a ce agogo ne ya ba su tsawo ko ƙwarewa ba, amma da ba shi, duk kocin da ya hango su tafe zai yi abin da Mendenhall ya yi wa Mikan.

To amma akwai masu ja, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Jami'o'in Amurka sun ƙi karɓar agogo a wasan maza har shekara 31 bayan NBA, alhali wasan mata na jami'o'i ya ɗauki na daƙiƙa 30 tun farkon shekarun 1970. Cewa suke yi riƙe ƙwallo shi ne makamin mara ƙarfi. Duk wanda ya san dambe zai gane wannan: a turmi ɗaya, ƙaramin ɗan dambe yana iya dacewa ya kai gwani ƙasa, amma in za a yi turmi ashirin, gwani ne zai tashi da nasara. Rage yawan jifa rage yawan turmi ne. A Maris na 1954 ɗin nan dai, a jihar Indiana, wata 'yar ƙaramar sakandare ta garin Milan mai ɗalibai 161 ta kai wasan ƙarshe da Muncie Central, makarantar da ta ninka ta wajen sau goma. A kwatan ƙarshe wani yaro, Bobby Plump, ya tsaya da ƙwallo sama da minti huɗu bai motsa ba, daga bisani ya yi jifar da ta ba su nasara, 32 da 30. Mutanen Indiana har yau suna ji da wannan wasa, kuma shi ne tushen fim ɗin Hoosiers na 1986. Da akwai agogo, da wuya a ce yaran Milan sun ga kofi.

Na yarda da wannan, kuma ina ganin asara ce ta gaskiya. Sai dai abin da ya faru a jami'o'i ya nuna cewa makamin bai tsaya a hannun mara ƙarfi ba. Wanda ya fi kowa ƙwarewa a kansa shi ne koci Dean Smith na jami'ar North Carolina, mai tarin taurari. Tsarinsa shi ne 'yan wasa huɗu su tsaya a kusurwoyi huɗu na rabin fili, na biyar yana yawo da ƙwallo a tsakiya. A Maris 1982 ƙungiyarsa, da James Worthy da wani sabon ɗalibi mai suna Michael Jordan a ciki, ta kara da Virginia ta Ralph Sampson a wasan ƙarshe na yankinsu, ana nunawa a talabijin a faɗin ƙasa. Mutane sun zauna kallon manyan 'yan wasan zamaninsu, sai North Carolina ta kwashe mintocin ƙarshe tana zagaye da ƙwallo, aka tashi 47 da 45. In mai ƙarfi ya iya ɓoye ƙwallo fiye da mara ƙarfi, to hujjar tausayin ta faɗi. A 1985 jami'o'i suka sallama da agogon daƙiƙa 45, suka rage zuwa 35 a 1993, sannan 30 a 2015. Wasan ƙarshe na ƙasa da aka buga ba agogo ya zo kamar bankwana: ranar 1 ga Afrilu, 1985, Villanova wadda ba a sa ta a lissafi ba ta yi jifa 28 kacal, 22 suka shiga, ta doke Georgetown ta Patrick Ewing 66 da 64.

Mara ƙarfi kuma bai rasa hanya ba, wata ya samo. Layin maki uku ya shigo NBA a 1979, ya shiga dokokin duniya a 1984. Ranar 10 ga Yuli, 2021, a Las Vegas, D'Tigers ta Najeriya ta yi wasan share fagen Olamfik da Amurka. Ba ta ɓoye ƙwallo ba, ba ta ma da ikon yi. Daga nesa ta yi ta jifa, 20 suka shiga daga bayan layin maki uku, ta ci 90 da 87, karo na farko da wata ƙasar Afirka ta doke Amurka. In aka ce in zaɓa tsakanin wannan nasara da ta Fort Wayne, ba sai na yi dogon tunani ba.

Hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ta ɗauki agogon daƙiƙa 30 a 1956, ta koma 24 a 2000, don haka lissafin da aka yi a Syracuse shi ke aiki a gasar Afirka da wasannin lig a Kano da Legas. Wasan 'yan uku-uku na rabin fili daƙiƙa 12 yake bayarwa. Ƙwallon ƙafa ma ta sha fama da irin wannan ciwo, kuma duk wanda ya taɓa zama a gidan kallo ƙungiyarsa tana baya da ci ɗaya ya san zafinsa. Bayan gasar cin kofin duniya ta 1990 aka hana gola kama ƙwallon da ɗan gidansu ya mayar masa da ƙafa, a 2025 kuma aka ce in ya riƙe ta sama da daƙiƙa takwas a ba abokan hamayya kwana.

Pistons sun koma Detroit a 1957, kuma su ne dai suka ci wasan da ya fi kowane yawan maki a tarihin NBA, 186 da 184 a kan Denver, a Disamban 1983. Nationals an sayar da ita a 1963 ta koma Philadelphia, abin da ya rage a Syracuse shi ne wani agogo da aka kafa a dandalin tsakiyar gari, yana ƙirgawa daga 24 zuwa sifili. Lakers kuwa sun bar Minneapolis zuwa Los Angeles a 1960, kuma a can wani ɗan wasa mai suna Kobe Bryant ya yi musu shekara 20, rabi da riga mai lamba 8, rabi da lamba 24.

Ranar Lahadi 26 ga Janairu, 2020, jirgi mai saukar ungulu ya faɗi da shi a California, tare da 'yarsa Gianna da wasu mutum bakwai. Labarin ya iso ana gab da fara wasannin ranar. A San Antonio, Toronto Raptors suka sami ƙwallon farko. Fred VanVleet ya tsallaka tsakiyar fili da ita ya tsaya, ba wanda ya matso ya tare shi. Jama'a suka miƙe tsaye suna tafi suna kiran sunan Kobe, wasu 'yan wasan suna share hawaye, har agogon saman allo ya sauko daga 24 zuwa sifili, ƙararrawa ta yi ƙara. Alƙali ya miƙa ƙwallo ga masu gida, San Antonio Spurs. Dejounte Murray ya karɓa, ya tako zuwa tsakiya, shi ma ya tsaya.